Randa, Murfinta da Mai Ɗebo Ruwa

Duk macen da ta riƙe gida a ƙauyen Sunke ko Bagega, a Zamfara, ta san randa ba ta ƙafewa don dalili ɗaya. Wata rana yara ne suka bar ta a buɗe, faifan da ake rufe ta da shi yana can yashe gindin turmi, iskar hunturu ta wuni tana lasar ruwan, ƙura ta kwanta a kai. Wata rana randar ce ta tsage daga gindi, sai a wayi gari ƙasan wurin ya jiƙe, moɗa tana kartar ƙasa. Wata rana kuwa murfi na nan, randa lafiyarta lau, yarinyar da ke zuwa rijiya ce ba ta shigo da tulu ba. Uwargida ba ta haɗa waɗannan wuri ɗaya. Ba ta aikawa kasuwa a sayo sabon faifai alhali matsalar tana bakin rijiya.

Idon mutum ma da ruwan ajiya yake rayuwa. Hawaye ba na kuka kaɗai ba ne. Duk ƙiftawa, sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, fatar ido tana shimfiɗa wani siririn danshi a kan ƙwayar idon, kuma abu uku ne suka haɗu a cikinsa. Ruwan yana fitowa daga wata matatsa da ke ɓoye ƙarƙashin ƙashin gira, ta gefen kunne: ita ce yarinya mai tulu. A bakin fatar ido, bayan gashin, akwai ƙananan ƙofofi jere, ashirin da wani abu zuwa talatin da wani abu a kowace fata, masu fitar da maiƙo ya kwanta a saman ruwan don kada iska ta kwashe shi: murfin ke nan. Sai wani yauƙi da fatar farin ido take yi, wanda ke sa ruwan ya kama jikin ido ya zauna, shi ne lafiyar jikin randar. Rarar kuma tana zurara ta wasu 'yan ramuka a kusurwar ido ta gangara hanci, shi ya sa mai kuka yake jan majina.

Na kawo wannan ne saboda tambayar da masu fama da bushewar ido suka fi yi: me zan ci? Tambaya ce mai kyau, amma amsarta ta danganta da wace irin ƙafewa ce. Abinci yana ɗinke wata tsagar tsaf. Yana ɗan taimakon murfi. Mai ɗebo ruwa kuwa, idan jiki da kansa ne ya tare mata ƙofa, babu miyar da za ta shigo da ita, kuma duk wanda ya ce yana da garin da zai yi hakan kuɗinki yake so.

Tsagar da abinci ke ɗinkewa mun daɗe da saninta, sunanta dundumi. Yaro yana wasa da rana ba ka ganin komai tare da shi. Da magariba ta yi sai ya lafe jikin bango, ko ya taso ya yi tuntuɓe da kwanon da kowa ke gani, ko ya riƙa laluben tuwo a gabansa. Ƙarancin bitamin A ne. Idan abin ya yi nisa, fatar farin idon ta daina yin yauƙinta, ta bushe ta yamutse, wani farin tabo mai kama da busasshiyar kumfa ya fito gefen baƙin ido. In ƙyanda ta faɗo a kan wannan hali, cikin 'yan kwanaki baƙin idon zai iya yin gyambo, ya warke da hakiya, ganin ya tafi ke nan. Tsofaffinmu da suke gasa wa mai dundumi hanta sun yi daidai, domin a hanta dabba take tara wannan bitamin. Wani likitan ido Ba'amurke, Alfred Sommer, shi ya nuna wa duniya girman lamarin a ƙauyukan Indonesiya: a rahotonsa na 1986, ba yara bitamin A sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Daga irin wannan aiki aka samo 'yan ƙwayoyin nan da ma'aikatan lafiya ke yanke wa baki su matsa wa yara a makon lafiyar uwa da yaro, shuɗiya ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara 1 har ya kusa cika 5. Tun 2002 kuma doka ta tilasta wa kamfanoni a Najeriya su sa bitamin A a man girki da sukari da fulawa, da tambarin ido a jikin kayan. Man da ake aunawa da kwalba a kasuwar ƙauye ba ya cikin wannan lissafi.

Abin farin ciki, maganin wannan yana bayan ɗaki. Zogale, rama, alayyafo, lalo, tafasa, kabewa mai jan ciki, karas, gwanda, mangwaro in lokacinsa ya yi, ƙwai, man shanu, hanta. Manja yana gaba da kusan dukkansu, sai dai jan nan nasa shi ne amfanin, kuma mai girkin da ke barinsa a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari ta ƙone abin da ta saya. Ganye kuma yana son maiƙo kafin hanji ya iya tsotse abin da ke cikinsa, don haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai ya fi zogalen da aka dafa aka ci gaya. Kuka da sauran ganyen da ake shanyawa don rani, a inuwa ya kamata su bushe, rana tana cinye rabonsu. Gargaɗi ɗaya: mai juna biyu kada ta dimanci hanta, kada kuma ta sha ƙwayar bitamin A mai ƙarfi ba da izinin asibiti ba, yawansa yana illa ga ɗan tayi.

Akwai tsagar da ta fi ƙarfin tukunya, wato tabon da amodari ke bari a cikin fatar ido bayan shekaru na kamuwa da warkewa, har gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar. Zamfara na cikin jihohin da ƙungiyar Sightsavers ta daɗe tana yaƙar wannan ciwo. Tsohuwar da ke tsige gashin idonta da matsefata aikin tiyata take buƙata, ƙarami ne, ba sauyin miya ba.

Matsalar murfi ita ta fi yawa a duniya, kuma tana da abin mamaki: mai ita sau da yawa idonsa zubar da ruwa yake yi. Ka ce masa idonsa a bushe yake ya yi maka kallon wanda bai san abin da yake faɗa ba. Abin da ke faruwa shi ne maiƙon ya daskare a ƙofofinsa, danshin ya tashi da wuri, ido ya ji raɗaɗi, matatsa ta yi firgigit ta kwararo ruwa tsinkakke wanda ba ya zama, ya bi kumatu. Wurinmu kuma kamar an tsara shi don wannan ciwo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Ga hayaƙin itace a ɗakin girki marar taga, ga ɗan acaɓa da ke keta iska daga Anka zuwa ƙauye ido tsirara, ga mai sussukar gero cikin ƙaiƙayi, ga matashin da ya kafe waya da ido har ƙiftawarsa ta ragu da rabi ko fiye bai sani ba.

A nan ne maganar man kifi, omega-3, ta shigo, kuma gara a faɗe ta yadda take. A 2005 wani bincike kan mata sama da 32,000 a Amurka ya ga cewa masu yawan cin kifi mai maiƙo sun fi ƙarancin bushewar ido. Likitoci suka shiga rubuta ƙwayar man kifi, kamfanoni suka cika aljihu. A 2018 aka fitar da sakamakon gwajin da ya fi tsauri, mai suna DREAM: mutum 535, wasu suna shan miligiram 3,000 na omega-3 kullum har shekara guda, wasu suna shan ƙwayar da man zaitun ne kawai a ciki, ba wanda ya san tasa. A ƙarshe duka ɓangarorin sun ji sauƙi, kuma babu wani bambancin kirki tsakaninsu. Ni dai abin da na ɗauka daga nan: a ci kifi, domin abinci ne mai kyau ga jiki duka, amma kuɗin cefanen mako kada ya tafi kan kwalbar ƙwaya. Kifin teku irin titus da shawa da sardin na gwangwani su suka fi wannan mai. Tarwaɗa da ƙarfasa na gulbin Zamfara, waɗanda ake samu a Gummi, nasu bai kai haka ba, amma sun fi babu nesa ba kusa ba. Waken suya ma yana da ɗan rabonsa, mai awara ba ta yi asara ba. Man gyaɗa da riɗi kuwa maiƙonsu wani iri ne dabam.

Abin da ya fi abinci saurin gyara murfi ba ya cin ko sisi. A samu tsumma mai tsabta, a tsoma a ruwan ɗumi wanda bayan hannu zai iya jurewa, a matse, a rufe ido a ɗora. In ya huce a sake tsomawa, har minti biyar zuwa goma. Sannan a sa ɗan yatsa a shafo fatar sama zuwa ƙasa, ta ƙasa zuwa sama, wajen gashin, a hankali, a goge bakin fatar. Ɗumin yana narkar da maiƙon da ya daskare. Safe da dare, kuma sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa, wanda ya gwada kwana biyu ya bari bai gwada ba. Tabarau mai rufe gefe ga mai hawa babur, da juya wa hayaƙi baya ko fitar da murhu fili, su ma gyaran murfi ne.

Dole in tsaya kan kwalli, domin mace in idonta ya dame ta shi take fara rangaɗawa, kuma daidai bakin ƙofofin maiƙon nan ake zizara shi. Wannan kaɗai ya isa a yi hattara. Amma a Sunke akwai dalili mafi nauyi. Mutanen garin ba su manta 2010 ba, shekarar da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano gubar dalma daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje, yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka kankare ƙasar gidaje a Sunke da Dareta da Abare da 'Yargalma da sauransu aka zuba sabuwa, Bagega sai a 2013. To, tozalin dutse mai ƙyalli, na asali, shi kansa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, aka auna tozalin da ake sa masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki. Gidan da aka sauya wa ƙasa saboda dalma bai kamata ya sayo ta a tandu ba.

Saura mai ɗebo ruwa. A ce rijiya da ruwa, yarinya da tulunta, amma karen gidan, wanda aka ajiye don ɓarawo, ya daina gane ta. Duk ta doso ƙofa ya taso mata, yau cizo gobe cizo, har ta gurgunce. Garkuwar jiki takan yi irin wannan ɓatan kai, ta afka wa matatsar hawaye da ta yawu, ta cika su da kumburi har su daina aiki. Wani likitan ido ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, shi ya bayyana ciwon a 1933 bayan ya duba mata 19 masu busasshen ido, 13 daga cikinsu da ciwon gaɓɓai, shi ya sa ake kiransa cutar Shogiren. Cikin masu ita goma, tara mata ne, yawanci daga shekara 40 zuwa sama. Takan zo ita kaɗai, takan kuma biyo bayan amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu ko cutar lufus.

Ana gane mai ita tun a bakin akushi. Ta yanko lomar tuwo, ta tauna, ta tsaya, ta kai hannu ga kofin ruwa, sai da kurɓi lomar ke wucewa. Ƙuli-ƙuli da gasasshiyar masara ta daɗe da sallama su. Magana in ta yi tsawo harshe ya manne wa ganɗa. Haƙoran da suka kai ta shekara arba'in lafiya sun fara ruɓewa daga gindi. Da asuba fatar idon ba ta buɗuwa sai ta sa hannu, in ka tambaye ta ta ce ji take kamar an watsa mata rairayi. Yatsu sun sandare da safe, ga gajiya ko ba ta yi aikin fari balle na baƙi ba, wani lokaci gefen muƙamuƙi ya kumbura. Akwai wadda za a yi mata rasuwa kuka ya zo hawaye ya ƙi, mutane su koma gefe suna cewa zuciyarta ta bushe. A gida za a ce sanyi ne, wasu su ce sammu. Ba ko ɗaya. A asibiti gwajin farko 'yar siririyar takarda ce da ake saƙalawa a fatar ido ta ƙasa na minti biyar, in jiƙewar ba ta wuce milimita 5 ba an samu alama, sai a bi da gwajin jini.

Shahararriyar mai wannan ciwo ita ce 'yar wasan tanis Venus Williams, wadda ta janye daga gasar Amurka a 2011 ta sanar da shi, daga baya ta koma cin ganye da 'ya'yan itace, ta kuma dawo fili. Masu tallar tsarin abinci suna son labarinta. Abin da ba sa ƙarawa shi ne tana da likitoci da magunguna, kuma ba ta ce ta warke ba. Jerin hane-hanen da ke yawo a waya, a bar alkama, a bar nono, a bar tumatir, a bar gyaɗa, babu gwajin da ya tabbatar yana dawo da hawaye. A yankin da rashin tsaro ya hana mutane da yawa gonakinsu, wasu suna gudun hijira a cikin garin Anka, a ce wa mace marar lafiya ta bar furarta da nono zalunci ne.

Duk da haka tukunya tana da aiki a nan, aikin sauƙaƙawa. Miyar yauƙi, kuɓewa da karkashi da lalo da kuka, tana wuce da tuwo inda yawu ya gaza. Kunu da fura da farfesu sun fi busasshen abu. Ruwa a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan duk wuni. Ƙishirwa tana ƙara bushewar, amma shan bokiti ba ya buɗe matatsar da ta toshe. Alewa da lemon kwalba da shayi mai sukari uku, waɗanda busasshen baki ke kwaɗayi, su ne ke gama da haƙoran da ba su da yawun kare kansu, tsamiya da lemon tsami ma a sassauta. Yaji yana ƙona bakin da ya bushe. Wadda likita ya ɗora kan maganin firedinisolon ta rage gishiri da dunƙule da zaƙi, ta riƙe nono saboda ƙashi. Ganye da manja da kifin da aka ambata a baya suna nan daram, domin randar da ruwanta ya yi kaɗan ita ta fi buƙatar murfi mai kyau da jiki marar tsaga.

Ruwan kansa sai an saya wurin ɗan ga-ruwa, wato hawayen kwalba da ake ɗigawa. Ba ya warkarwa, cika randa yake yi na 'yan sa'o'i, gobe a sake. Mai ɗigawa fiye da sau huɗu a rana ta nemi irin wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, domin sinadarin kansa yana cin fuskar ido, da dare kuma akwai mai kauri irin na shafawa. Haɗarin yana kemis: a ce ido yana ja, a miƙo maganin ɗigawa mai sitiroyid, a ji daɗinsa kwana biyu, a riƙe shi wata da watanni, ya jawo hawan jinin ido ko yana. Piriton da ake sha don mura ko don barci yana ƙara busar da ido da baki. Nonon uwa da ruwan albasa da ruwan sukari da tsimin ganye, ba ɗaya da ya dace da idon da ba shi da hawayen wanke kansa. Likitan ido yana da sauran dabaru, har da toshe 'yan ramukan nan masu gangarawa hanci don ɗan abin da ya samu ya daɗe. Haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan tsohon maganin zazzaɓi, yana taimakon gaɓɓai da lufus, amma gwajin da aka yi a Faransa kan mutum 120 aka buga a 2014 bai nuna yana rage bushewa ba, kuma mai shansa shekaru sai ana duba bayan idonta.

Da azumi tambaya takan taso, tunda a mazhabar Malikiyya abin da aka sa a ido in ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro akwai magana. Danne kusurwar ido ta wajen hanci da yatsa na minti ɗaya ko biyu bayan ɗigawa yana tare hanyar, yana ma sa maganin ya zauna inda ake so. Wadda bakinta ba ya yin yawu sam, ta haɗa malam da likita ta ji hukuncin marar lafiya.

Hanyar asibiti daga Sunke ba wasa ba ce a wannan zamani, don haka tafiya ɗaya ya kamata ta biya. Daga babban asibitin Anka akan tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Masu hali sukan kai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano. Likitocin gaɓɓai da garkuwar jiki kaɗan ne a ƙasar nan, galibi a asibitocin koyarwa. Layi yana da tsawo, mai dubawa ido zai duba, in ba a gaya masa sauran ba zai rubuta maganin ɗigawa ya kira na gaba. Ki ce masa, likita, ba idon kaɗai ba ne, bakina ma ba yawu, yatsuna suna sandarewa da safe, haƙorana suna zubewa. Ki zo da kwalayen duk abin da kike sha. In kina da ciki ko kina sa rai ki faɗa, domin wani nau'in garkuwar da ke tare da wannan ciwo yakan taɓa bugun zuciyar jariri a ciki, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, kuma ana iya sa ido a kai. Kumburin muƙamuƙi ko ƙululun wuya da ya ƙi sauka shi ma a nuna shi. Idan kuwa ido ya yi ja da zafi mai tsanani, haske ya gagara kallo, gani ya dushe, ko wani farin ɗigo ya bayyana a kan baƙin ido, wannan ba ya jiran ranar kasuwa, a kama hanya a ranar.